Tambaya da Amsa: Ko sinadari zai mai da kwal ɗin Gombe makamashin maƙera?

TAMBAYA

  Ni ɗan gidan maƙera ne a ƙasar Gwaram. Kakana ƙira ya yi, mahaifina ma ita yake yi har yau, ni kuma na ɗan taɓa karatun kimiyya zuwa matakin difloma, amma in ina gida ban bar zuga ba. Damuwarmu gawayi. Gawayin ƙirya da Baba ya saba aiki da shi yanzu sai an yi cigiya, in an samu kuma kuɗinsa ya cinye ribar fartanya. Wanda ake kawowa kasuwar Sara da ta Birnin Kudu yawanci gauraye ne, wani ya yi ta tartsatsi, wani kuma kafin ƙarfe ya yi ja ya riga ya zama toka. Wani direba mai zirga-zirga zuwa Gombe ya ce zai iya samo mana kwal daga wajen Maiganga. Na kuma ji cewa a manyan masana'antun ƙarfe ana gasa kwal ya zama kok, wanda wutarsa ta fi ta gawayi ƙarfi, kuma wai akwai sinadaran da ake zuba masa lokacin gashi don ya ƙara inganci. Waɗanne sinadarai ne? Ana samunsu a Kano? Zan iya gasa kwal ɗin a duro a bayan gida, in zuba sinadarin, mu huta da neman ƙirya? 

Ɗan maƙera, daga Gwaram

AMSA

 Ka gaishe mini da Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya da ƙarfin dantse. Abin da ka ji gaskiya ne, sinadaran suna nan, kuma zan faɗa maka su. Amma gara in ba ka amsar tun da wuri kafin ka danƙa wa direban nan kuɗinka: babu sinadarin da zai mai da kwal ɗin Maiganga kok, kuma ko wani ya kawo muku kok na gaske kyauta, ba shi murhun Baba yake nema ba.

Kwal iri-iri ne. Duk asalinsa tsirrai ne da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi, sai dai wani ya fi wani nuna. Akwai ɗanye mai launin ƙasa-ƙasa, cike da ruwa, da ka shanya shi sai ya tsattsage ya ruguje. Akwai wanda ya ɗan fi shi nuna, akwai baƙi mai sheƙi, akwai kuma wanda ya nuna har ya wuce misali, ya yi tauri, da ƙyar yake kama wuta. A cikin waɗannan duka, wani ɗan yanki ne kawai na baƙin nan mai sheƙi yake yin kok.

Yadda ake yinsa kuwa, ana niƙa kwal a ɗura shi a wani tsukakken murhun tubali, faɗinsa bai kai rabin mita ba amma tsawonsa ya fi mita 12, a rufe ruf don kada iska ta shiga. Wutar ba ta taɓa kwal ɗin, ta cikin bango take zagayawa, har zafi ya kai digiri 1,000 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas, a bar shi wajen awa 16 zuwa 20. Abin da ya bambanta kwal ɗin kok da sauran yana faruwa ne tsakanin digiri 350 da 500. A nan yake yin laushi, ya narke, hayaƙin da ke cikinsa ya riƙa kumbura shi yana neman hanyar fita, ƙwayoyin su manne da juna, sannan ya sake sandarewa ya zama dunƙule guda mai ƙananan ramuka, marar nauyi sosai amma mai ƙarfi. Tan 4 na kwal kan ba da wajen tan 3 na kok, ragowar kuma ta fita a matsayin gas da kwalta da ruwan amoniya, waɗanda masana'anta ke tarewa ta sayar ko ta ƙona.

Ka duba garin alkama da garin gero. In ka kwaɓa na alkama ka sa masa yis, yauƙin da ke cikinsa zai riƙe iska, ya tashi ya zama burodi. Garin gero kuwa ko ka juye masa yis ɗin Kano duka ba zai tashi ba, don ba shi da yauƙin. Haka kwal yake. Wanda ba ya narkewa in ya ji zafi, gari ka zuba, gari za ka kwashe, sai dai ya ƙara baƙi. Na Maiganga, wanda kamfanin simintin Ashaka yake haƙa a ƙaramar hukumar Akko don hura murhunsa, yana cikin ɗanyun nan ne masu ruwa. Ya dace da aikin siminti, inda ake niƙe shi a fesa shi cikin wuta, amma ba ya narkewa balle ya dunƙule.

Sai ka san dalilin da ya sa masu narka ƙarfe suke shan wannan wahala, don a nan ne za ka gane amfanin sinadaran. Mutanen Sin sun daɗe da sanin kok, a Turai kuma wani Bature mai suna Abraham Darby ne ya fara narka tama da shi a Ingila a 1709, lokacin da gawayi ya yi musu tsada saboda dazuzzukansu sun ja baya. Ka ga ke nan matsalar da ta ishe ku a Gwaram ita ce ta haifi wannan sana'a tun asali. Murhun narka tama na zamani tsayinsa kan kai mita 30. Ta sama ake zuba tama da kok da dutsen farar ƙasa hawa-hawa, ta ƙasa ake hura iska mai zafi. Kafin kayan su gangaro ƙasa komai ya narke, ban da kok. Shi kaɗai yake tsaye yana ɗauke da nauyin ɗaruruwan tan da ke kansa, yana barin kafofin da iska za ta hau, narkakken ƙarfe kuma ya tsiyayo. In ya ruguje ya zama gari, murhun ya toshe, aiki ya tsaya. Don haka in ka ji injiniya ya ce kok mai inganci, ba zafin wuta yake nufi ba da farko. Yana nufin wanda zai jure nauyi, kuma ba zai yi saurin cinyewa ba. Gwajin da duniya ta fi amfani da shi, wanda kamfanin Nippon Steel na Japan ya fito da shi, shi ne a ɗauki giram 200 na kok, a bar shi awa 2 cikin iskar kabon-dayokzaid a zafin digiri 1,100, a auna abin da ya rasa, sannan a jujjuya ragowar a cikin ganga a ga nawa ya farfashe.

To, ga abubuwan da ake zubawa. Na farko masu ƙara danƙo: daskararriyar kwalta da ake samu daga kwal ɗin kansa, da kaurin da ke saura a gindin tukunyar matatar man fetur. In kwal yana narkewa amma narkewar ba ta isa ba, waɗannan sukan cike giɓin, su ba masana'anta damar gauraya ɗan kwal mai araha a cikin mai tsada. Akwai akasin haka, wato kwal mai yawan kumbura da tsagewa, shi kuma garin kok ake niƙawa a barbaɗa masa don ya rage tsaga. Akan yayyafa ɗan mai, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don garin kwal ya zauna da kyau a murhu. A Japan tun shekarar 2000 ake saka tarkacen roba, wajen kashi 1 cikin 100, ba don ya ƙara wa kok kyau ba, sai don a rage shara a kuma tatsi mai da gas daga cikinta, kuma sai an tsince mai sinadarin kulorin tukuna. Sai kuma wanda nake zaton shi ka fi ji: ruwan sinadarin boron, da ake fesa wa kok bayan ya fito, musamman a Sin. Aikinsa shi ne ya lulluɓe bangon ramukan nan don iska ta kasa cin kok da sauri.

Ka lura da abu biyu. Dukkansu kaɗan ake sawa, kuma a kan kwal da ya riga ya iya yin kok ake sa su. Gyara suke yi, ba sa ƙirƙira. Kuma na ƙarshen nan, mai boron, rage wa kok saurin ci yake yi, abin da maƙeri ba ya so ko kaɗan. Sannan akwai sinadaran da ke ɓata shi, su ne kuwa waɗanda suka fi kusa da hannunmu: kanwa da gishiri da tokar itace. Duk mai sodiyam ko fotashiyam yana sa iska ta cinye kok da wuri, ya yi rauni. In wani ya ce maka ka zuba kanwa, to bai san aikin ba. Toka da farar wuta da ke cikin kwal kuwa, babu abin zubawa da ke kawar da su. Sai dai a wanke kwal ɗin da injina kafin gashi, kuma ko an wanke, fiye da rabin farar wutar da ta rage tana bin kok.

Da sinadari yana wannan aikin, ai da Najeriya ta daɗe da hutawa. An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka soma haƙa gadan-gadan a 1916, da shi jiragen ƙasa suka yi ta jan gyaɗa da auduga har zuwa lokacin da injin dizal ya karɓe aikin.  Kwal ne mai yawa, mai ƙarancin toka, amma ba ya yin kok. Na Okaba a jihar Kogi ma haka. Da aka ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980, an tsara ta ne a kan murhun narka tama mai cin kok, da niyyar fitar da tan miliyan 1.3 na ƙarfe a shekara a matakin farko. Kwal ɗin gida da aka samu yana narkewa yadda ake so shi ne na Lafiya da Obi a jihar Nasarawa ta yau, sai dai tokarsa da farar wutarsa sun yi yawa, kuma shimfiɗarsa a ƙarƙashin ƙasa siririya ce, a karye take, haƙarta da wuya. Masana a cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa da ke Jos sun shafe shekaru suna gwada gauraye iri-iri, na Inugu da na Lafiya da na ƙetare, da kwalta da babu. Abin da ya fito fili shi ne ana iya saka wani kaso na kwal ɗin gida, amma mafi yawa dole sai an shigo da shi. Har yau ba a taɓa kunna babban murhun Ajakuta ba, ko da yake dalilan hakan sun fi na kwal yawa, kuma abin yana mini ciwo duk lokacin da na ga maƙeranmu suna bin bola neman tsohon sifirin ɗin mota. Masana'antar Aladja ta jihar Delta, da aka buɗe a 1982, ita ta kauce wa kok gaba ɗaya, da iskar gas aka tsara ta.

Yanzu mu koma maƙerarku. Murhun Baba zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, babu nauyin da makamashi zai ɗauka. Abin da yake so shi ne wuta mai amsa zuga: a danna zugazugi ta tashi nan take, a saki ta lafa amma kada ta mutu, don yana kan maƙera yana dukan ƙarfe, zai dawo ya sake cusa shi. Gawayi yana yin haka saboda ramukansa a buɗe suke, kuma ɗan fotashiyam da ke cikin tokarsa yana taimaka masa kamawa. Kok kuwa da wuya yake kamawa, yana son tudu mai zurfi da iska mai ƙarfi ba yankewa, da an daina hurawa sai ya mutu. Maƙeran Turai masu aiki da shi da fankar lantarki suke hurawa. Da zugazugin fatar akuya, ko fankar hannu da ake haɗawa da wilin keke, yaron da ke zuga zai gaji kafin hantsi.

Sai farar wuta, wadda ita ce babbar abokiyar gabar maƙeri. Gawayin itace kusan ba shi da ita, shi ya sa kakanninmu da suka narka tama a ƙasar Hausa, tun daga gindin Dala, suka sami ƙarfe mai biyayya. In ƙarfe ya daɗe a wutar kwal mai farar wuta, tana shiga fatarsa. Za ka ciro shi da awartaki ya yi ja yadda kake so, ka sauke masa masaba, maimakon ya miƙe sai ka ga bakin ya tsattsage, in kuma haɗa ƙarfe biyu kake son yi a wuta su ƙi kama juna. Tokar kwal kuma ba ta tashi ta bi iska irin ta gawayi. Narkewa take yi ta dunƙule ta zama kashin maƙera, ta toshe bakin bututun iska, ta manne a jikin aiki.

Batun duro a bayan gida kuwa, ina roƙonka don Allah ka bar shi. Kashi uku ko fiye cikin goma na irin wannan kwal hayaƙi ne da tururin kwalta, kuma a masana'anta bututu ne ke kwashe su. A bayan gida huhunka ne zai kwashe, da na iyayenka mata da ƙannenka da maƙwabta. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya aikin gasa kok a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, kuma tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya lura da irin wannan cuta a jikin masu share bututun hayaƙin kwal. Ruwan da ke tsiyaya daga gashin in ya bi ƙasa ya kai rijiya, ya ɓata ta. In ka ƙara da baƙin mai ko leda ko guntun taya da sunan sinadari, guba ka ƙara a kan guba. Ɗanyen kwal in aka tara shi tsibi yana iya kama wuta da kansa. Kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ce saye da ajiye ma'adinai sai da lasisi, don haka abin da direba zai ɗebo maka a buhu yana iya jawo muku magana da hukuma.

Za ka iya cewa ai a Nijar ana gasa kwal ana girki da shi. Gaskiya ne. Kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, yana haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, yana ba da lantarki ga mahaƙar yuraniyam ta Arlit da garin Agadas, kuma akwai kamfanin SNCC da ke sayar da gasasshen kwal a Yamai da sauran birane don rage sare itace. Amma wancan gashi ne na fitar da hayaƙi kawai, abin da ke fitowa ba kok ɗin narka ƙarfe ba ne. Yana da toka da yawa, yana son murhu nasa na musamman, kuma a wurin haƙa ake gasa shi, nesa da ɗakunan kwana.

To me ya rage? A ganina iliminka na kimiyya yana da babban aiki a nan, sai dai a kan gawayi ne, ba a kan kwal ba. Yawancin gawayin da kake kuka da shi ba itacen ne kaɗai ya ɓata shi ba, gashin ne. Ka je inda ake ƙona shi ka tsaya ka gani. An jera ɗanyen itace, manya da ƙanana a haɗe, an rufa da ciyawa da ƙasa, an cinna wuta an tafi. Inda ƙasa ta rufta iska ta shiga, wurin ya cinye ya zama toka. Inda wuta ba ta kai ba, itacen ya fito da jan ciki, shi ne mai hayaƙi. In mai saye yana jira a bakin hanya, sai a tone da zafinsa a kwara masa ruwa, gawayin ya tsattsage ya sha ruwa, shi ne mai tartsatsin nan da ke ƙona wa Baba riga. Irin wannan gashi yakan ba da buhu ɗaya daga itacen da ya isa ya ba da biyu: a nauyi, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ake samu, alhali gashi mai kyau yana kai kashi 25 zuwa 30.

Gyaran ba ya buƙatar ko kwalba ɗaya ta sinadari. A bar itace ya bushe sosai kafin a cinna masa wuta, don ɗanye da kansa yake ƙona kansa wajen korar ruwan jikinsa. A ware iri da iri, kauri da kauri. A yi wa tsibin bututun hayaƙi da tsofaffin duro da aka haɗa baki da baki, a gefen da ke nesa da inda aka cinna wuta, yadda zafi zai ratsa itacen duka kafin ya fita. Wannan dabara daga yankin Kasamas na Senegal ta bazu. Sannan a zauna a karanta hayaƙi. Fari mai kauri ruwa ne ke fita. In ya koma rawaya-rawaya mai yaji a ido, itacen ya kai wajen digiri 280, ya soma gasa kansa da kansa, a nan ake rage kafofin iska don gashin ya tafi a hankali. In hayaƙin ya zama siriri shuɗi-shuɗi, gawayin kansa ne ya fara ci, sai a toshe ko'ina da laka a bar shi ya huce da kansa, ko da zai kwana biyu. Gawayin da aka yi haka, in ka karya shi za ka ga cikinsa baƙi ƙirin yana sheƙi, in ka buga biyu su yi ƙara siririya, kuma ba ya baƙanta hannu sosai. Marke da aka gasa da haƙuri ya fi ƙiryar da aka gasa da gaggawa. Ƙodagon goruba ma, saboda taurinsa, ya cancanci gwaji, kamar yadda maƙeran kudu suke aiki da ɓawon ƙwarar manja.

Wurin da abin zubawa yake da amfani na gaske shi ne garin gawayi. Duk mai sayar da gawayi yana da tsibin gari da gutsattsari da yake sharewa, kuma ba kaɗan ba ne. In ka niƙa shi ka tankaɗe, ka dama sitacin rogo a wuta har ya yi kauri, ka zuba wajen kashi 5 zuwa 8 a kan kashi 100 na garin, ka cakuɗa, ka matse a cikin guntun bututun ƙarfe, ka shanya har ya bushe ƙayau, ka sami makamashi. Injin matsawar kuwa ai ku ne masu ƙera shi, da jak ɗin mota da guntayen ƙarfe. Ƙaro ma yana ɗaurewa da kyau, tsada ce kawai matsalarsa. Yumɓu yana da araha amma toka yake ƙarawa, kada ka sa shi a wanda za a kai maƙera. Haka ɓuntun shinkafa: wajen kashi 20 cikin 100 nasa toka ce mai yashi, ba ya yi wa ƙira. Ɓawon gyaɗa da totuwar masara da karan riɗi sun fi shi, in an gasa su tukuna aka niƙa. Sai dai kada in yi maka alkawarin da ba zai cika ba. Dunƙulen sitaci yakan ruguje in zuga ta yi ƙarfi, don haka a maƙera ya fi dacewa da ƙananan ayyuka ko a gauraya shi da gawayi na gaske. Kasuwarsa ta fi a wajen masu shayi da masu guga da masu abinci, da masu zubin tukwanen alminiyom, wanda ke narkewa tun a digiri 660. Duk buhun da suka saya naka, buhun gawayin itace ne ya ragu wa maƙeri.

Ƙiryar kanta kuma fa? Ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ta fi arewacin Jigawa ruwan sama da itatuwa, shi ya sa motocin gawayi suka fi yi mata tsinke, har gwamnatin jihar ta haramta sare itatuwa don gawayi ba da izini ba. Ni ina goyon bayan hanin, amma ina ganin maƙerin da ke ƙera fartanyar da ake noma da ita bai kamata a auna shi da mudu ɗaya da mai loda tirela ba. Ya dace ku maƙera ku haɗa kai, ku je wa hakimi da jami'in gandun daji da magana guda: a ware muku fili ku raini itacen sana'arku, a ba ku izinin sassabe reshe da ɗibar matacce. Ƙirya tana tohowa daga kututture in an kare ta daga dabbobi da gobara. Manoman Maradi da Damagaram da irin wannan rainon toho, wanda suke kira sassabin zamani, suka dawo da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Irin ƙirya yana da taurin ɓawo, sai an ɗan kankare shi ko an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro, kuma tana da jinkirin girma. Shuka itace don aikin ƙarfe ba sabon abu ba ne: a Barazil, a jihar Minas Gerais, har yau akwai murhunan narka tama da ke aiki da gawayin itacen turare da aka shuka musamman don haka.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi gwaji da abin da ke hannunka. Ka sami sikeli, ka auna kilo ɗaya-ɗaya na kowane irin gawayi da ake kawowa Sara, da dunƙulen da ka haɗa da kanka. Ka shanya su wuni guda ka sake aunawa, ka ga ruwan da aka sayar muku. Ka yanka rodi iri ɗaya, mai zuga ɗaya, ka duba minti nawa kowanne yake ɗauka kafin ƙarfe ya kai launin da Baba yake cewa ya yi, da kuma aiki nawa kilo ɗaya yake gamawa. A ƙarshe ka tattara tokar ka auna. Ka yi wannan a rumfa mai iska, kada a ɗaki, don iskar kabon-monokzaid da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. In kana son adadi na ɗakin gwaji, sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Dutse yana kusa da kai, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato kuma ta daɗe tana aiki a kan dunƙulen makamashi da murhu mai tsimin itace. In ka gama, ka rubuto mini sakamakon, ka haɗa da sunan itacen da kowane gawayi ya fito daga gare shi, mu buga a wannan fili don maƙeran sauran garuruwa su gani.